Soron da Na Gina wa Shanu

Yau kwana huɗu ana marka, ba mu ga rana ba. Maƙwabcina Alhaji ya gina wa shanunsa ɗakin bulo da rufin kwano, ya zuba goma sha ɗaya da ya sayo rana guda, kuma katangarmu ɗaya da shi. Ina jin su. Ba kukan yunwa suke yi ba, dusa buhu-buhu ake sauke musu daga mota. Wani nishi ne da saniya ke yi idan ta gaji da tsayuwa kuma ba ta da inda za ta kwanta. Wanda bai san shi ba zai wuce bai ji komai ba. Ni na san shi, don damina biyu na yi ina jin sa a gidana, kuma da hannuna na jawo shi.

Abin ya kusa shekara ashirin, ba a daɗe da ba mu mulkin kai ba. Lokacin ba a datse kogin a can yamma ba, ruwa yana zuwa yadda ya ga dama. Ƙauyenmu a kan wani tudu yake tsakanin Haɗeja da Kirikasamma. Idan damina ta yi tsakiya ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, ba shiga ba fita sai da kwalekwale ko gora, babban duman nan da ake kifa ciki a kai a yi iyo. Yanzu mota tana zuwa har ƙofar Bulama, mai garinmu. A da kuwa in ruwa ya rufe, to ya rufe ke nan sai kaka.

Baba ya rasu ya bar mana shanu bakwai, ni da yayana Modu, mata shida da bijimi ɗaya. Ba mu raba ba. Yaya Modu ya so a sayar tun ranar sadakar arba'in, shi hankalinsa yana kan gyaɗa. Na roƙe shi ya bar su a hannuna, ya bari.

Al'adar garinmu, da an yi shuka Bulama zai sa a yi shela a ɗaure dabbobi, don duk inda ruwa ba ya ci a tudun nan gona ce. Masu shanu kuwa tun ruwan farko suke haɗa su da Fulani, a tafi da su jigawa, ƙasar yashi da ke arewa da Malam Madori, sai an yi girbi a dawo da su. A can suke cin sabuwar ciyawa su yi ƙiba, a can bijimi ke hawansu, su dawo da ciki. Da rani saniya a nan ba ta neman bijimi, ta kanta take yi. Shekarar da Baba ya rasu na tura su kamar yadda yake yi, aka dawo mini da fatar maruƙa biyu, aka ce kura ce. Wataƙila kurar ce. Ni dai na rantse shanun Baba ba za su sake yin damina inda idona ba ya ganin su ba.

Ina da azara da na yi shekara uku ina tarawa don in yi wa matata Fanna soro. Da rani na kira magini na ce shanu za mu yi wa. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san ba kai ke yanka faɗin ɗaki ba, azara ke yankawa. In ta wuce kamu biyar ba ta ɗaukar laka, sai ta lotsa. To kamu biyar muka yi faɗi, tsawo kamu goma sha biyu, iyakar inda azarar ta ƙare. Da aka zo tsayi magini ya tambaye ni, na ce saniya ba ta kai mutum tsawo ba, don me za a ɓata ƙasa? Ya tsayar da shi daidai inda hulata ke gogar rufi. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya kamar faifai, saboda sauro da bobuwa, ƙudan nan mai cizo kamar allura. Muka yi daɓe, muka sa indararo.

Gari ya zo kallo. Bulama ya leƙa ya ce, "Garba, saura tabarma da buta." Aka yi dariya, ni kuma kaina ya yi girma. Fanna kuwa ta ci gaba da tara ƙwarya inda ɗakinta ke yoyo.

Daminar farko na kulle su ina yanko musu ciyawa. Da kaka suka fito a rame, babu mai ciki ko ɗaya. Nono ya ƙafe. Mutane suka ce baki ne, ka gina wa shanu soro gari ya gani, me kake jira? Na karɓo rubutu na ba su a ruwa, na rataya laya a ƙofa, na yi musu turare. Ban bar komai ba sai abu ɗaya, shi ne in tsaya in dubi ɗakin.

Da aka yi shukar shekara ta biyu Yaya Modu ya same ni a zaure. Bai ko zauna ba.

"Garba, shanun nan rabi nawa ne ko?"

"Naka ne, Yaya."

"To rabina ba ya haihuwa. Na duba naka, shi ma haka. Ka tura su jigawa."

"Ba zan tura ba."

"Taurin kan Baba ka ɗauko, ka bar hankalinsa a kabari. To ji nan. In an cire gyaɗa, uku cikin shidan nan ba su da ciki, zan zo da dillali. Malam Madori za su, a loda su a jirgin ƙasa su tafi kudu. Saniyar da ba ta haihuwa nama ce."

Na ce na yarda. Ba mugu ba ne. Baki goma sha ɗaya yake ciyarwa, kuma gaskiya ya faɗa.

Ruwan shekarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kogi ya cika tun gero bai kai gwiwa ba. Shinkafarmu ta fadama ta nutse cikin kwana uku, ta kowa da kowa, ka tsaya a bakin tudu ka ga ruwa ja har inda ido ya ƙare, kawunan goruba kawai a sama. Bulama ya sa gayya, maza muka yi kwana shida muna tara jinga ta gabas don kada ruwa ya shigo gari. Mai kwando yana ɗauko laka, mai fartanya yana sara, muna cikin ruwa iya ƙugu, matsattsaku suna manne mana a ƙafa. Abin da ya rage mini na abinci a duniya shi ne geron da ke bayan gidana, a kan yashi, inda ruwa bai kai ba.

Rumbu kuwa tun farkon marka ya fara nuna ƙasansa. Fanna ta koma tuwo sau ɗaya, da yamma. Da safe a dafa tafasa a kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai. Mata suna fita rukuni da ƙorai su tsinko bado a tafki, a shanya in rana ta leƙo, a daka a yi tuwo da shi. Yana cika ciki amma ba ya riƙe mutum, kafin azahar gwiwa ta fara rawa. Kifi akwai, sai dai in ruwa ya yi yawa kifi ya watse cikin ciyayi, ka wuni ka samo tarwaɗa biyu. Itace a jiƙe, ashana a jiƙe, wuta sai an roƙo a gidan da ba ta mutu ba. 'Ya'yanmu mata biyu, ƙaramar tana goye.

Ni aikina ɗaya ne kullum. In na idar da asuba in ɗauki lauje in hau gora in shiga fadama yankan burugu, ciyawar ruwa da shanu ke so. In ɗaure dami in jawo shi a bayana, in koma, sau huɗu kafin hantsi. Sannan in shiga soron da kwando in kwashe kashi. Daɓen ya daɗe da narkewa, ya zama caɓi iya idon sawu, fitsari da kashi da ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasa. Ina shiga in riƙe numfashi, in yi sauri in fita. Kofatonsu ya fara ruɓewa, suna ɗaga ƙafa ɗaya su sauke ɗaya. Akwai babbarsu, Gudale, ita ke cinye rabin abin da na zuba. Akwai karsana, Kyalla, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ita haƙarƙarinta ana ƙirgawa daga ƙofa. Bijimin kuma wani gyambo ya fito masa a kan tozo, ina shafa masa toka da man shanu, ya warke ya sake fashewa. Na ɗauka shi ma bakin ne.

Ana cikin haka malamin dabbobi ya zo daga Haɗeja a kwalekwale, yana bi gari-gari yana yi wa shanu allura. Sunansa Malam Bitrus, mutumin Filato ne, gajere, da takalmin danƙo har gwiwa. A garin duka ni kaɗai ke da shanu a gida, don haka aka rako shi wurina, 'yan kallo a bayansa.

"Malam Garba, ina shanun?"

"Suna cikin soro."

"Cikin me?"

Na buɗe masa. Ya sunkuya ya shiga, bai jima ba ya fito yana tari, idonsa yana hawaye. Ya ce, "Shiga ka tsaya a tsakiya. Kada ka taɓa komai. Zan rufe ƙofa in sha ruwa in dawo."

Na shiga don kada a ce na ji tsoron ɗakina. Kullum ina shiga, amma ban taɓa tsayawa hannu sake ba. Zarni ya shiga mini ido da maƙogwaro. Zafi kamar an rufe tukunya. Da idona ya saba da duhu sai na ga uku ne kawai ke iya kwanciya a lokaci ɗaya, sauran sai sun jira. Gudale tana kwance a inda ya fi bushewa. Kyalla tana can lungu, an matse ta da bango, ta jingina goshi da ginin, ƙafafunta suna karkarwa. Ta motsa za ta durƙusa, wata ta juyo ta kai mata ƙaho a ciki, ta koma ta miƙe. Wurin da za ta guje babu. Sai ta yi nishin nan.

Da ya buɗe ƙofa bai bar ni na fita ba. Ya ɗaga hannu ya ciro wani abu a jikin azara, ya fito da shi haske. Gashi ne fari, da busasshen jini.

"Na wane ne wannan?"

Na dubi gashin, na dubi tozon bijimin.

"Ya gwada, Malam Garba, ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da ya tashi zai hau, sai ya ci karo da rufinka. Yanzu ya haƙura."

Wani tsoho cikin 'yan kallo ya ce, "To ai ko kai ne, Garba, aka ƙwala maka azara sau goma, ka bar sana'ar." Aka fashe da dariya har da mata a bayan danga. Ni ban yi ba.

Na ce, "Malam, ba baki ba ne?"

"Ni ban karanta baki ba. Abin da na sani, saniyar da ba ta kwanta ba ba ta tuƙa, wadda ba ta tuƙa ba ta ƙiba, wadda ba ta ƙiba ba ta neman miji. Ko ta nema, yaya za ka gane? Alamarta ita ce ta hau 'yar'uwarta. A ina za ta hau?"

"Babu allura?"

"Ta ciwon bushiya na kawo, annobar shanu, zan yi musu. Ba ni da allurar fili."

Na ce fili nawa suke bukata. Ya ce inda kowace za ta kwanta ta miƙe ƙafa a busasshiyar ƙasa, ƙarama ta ga babba ta kauce, a zuba ciyawa wuri uku ba wuri ɗaya ba. Ya zagaya bayan gida yana taku, ya shiga cikin gero ya ɓace, sai muryarsa na ji. "Daga bangonka zuwa gorubar nan."

"Malam, gero ne."

"Na gani."

Rabin gonar ke nan. Geron ya wuce kaina, ya yi ciki, wani ya fara fid da kai. Na ce a jira girbi. Ya ce girbi saura wata ɗaya da rabi, karsanar nan ba za ta kai ba, sauran kuma kafin su farfaɗo ciyawa ta bushe. Jigawa kuwa ruwa ya rufe hanya, kuma da wannan kofaton ba za su iya iyo ba. Ya yi allurarsa ya wanke hannu ya koma kwalekwale.

Da la'asar na sami Fanna tana dakan bado. Ta ji komai ta bayan danga, amma ta bar ni na faɗa da bakina. Ta tsayar da taɓarya.

"Saura kwana nawa a ci tumu?"

"Ashirin."

"Jiya babbar 'yarka ta tambaye ni, na ce mata ashirin. Kullum sai ta je ta leƙa geron nan."

Ta juyo ta dube ni.

"Malam, azarata ka ɗauka ban yi magana ba. Yau kuma tuwon 'ya'yana."

"In shanun suka tafi, Fanna, ba mu da komai baɗi, ba mu da komai baɗin baɗaɗa. In gero ne, shekara ɗaya ce."

"Shekara ɗaya ce a bakinka. Ni zan dafa ta." Ta ɗaga taɓarya ta sauke sau uku ko huɗu, sannan ta ce, "In za ka sare, ka sare har inda ya ce. Kada ka sare kaɗan don tausayi, mu rasa geron mu rasa shanun."

Washegari da safe na shiga da adda. Karan ɗanye ne, yana fesa mini ruwa a fuska, ƙamshinsa kamar rake. Ban kai kunya biyar ba gari ya ji. Wata tsohuwa ta tsaya da tulu a ka tana salati. A wurinmu ko ɗan akuya ya karya kara ɗaya sai an je gaban Bulama, ga mutum da hankalinsa yana sare nasa ana cikin yunwa. Yaya Modu ya iso da gudu, ko hula babu.

"Garba! Ka haukace ne? Ko Fir'auna bai sare gero mai ciki ba!"

"Nawa ne, Yaya."

"Naka ne, in kun rasa abinci ƙofar wa za ku zo? Don wani mai takalmin danƙo ya yi taku a gonarka?"

"Ba zan zo ƙofarka ba."

"Za ka zo. Kuma wa'adina yana nan, ban ƙara maka kwana ɗaya ba."

Na ce na ji. Na ci gaba da sara har goruba. Babu wanda ya kama mini, kuma ban kira gayya ba, don na san ba mai zuwa gayyar sare abinci. Ƙaya na saro a gefen tudu, Fanna tana jan ta da igiya da goyo a baya, ƙafarta duk jini. Kwana biyu muka yi muna shinge. Karan da na sare na tara gefe, ya zama abincinsu.

Ranar da na buɗe ƙofar soron, ba su fito ba. Sun tsaya suna ƙifta ido. Sai da na ja Gudale da igiya sannan sauran suka biyo, suna taka yashi a hankali kamar wuta ce. Kyalla ce ta ƙarshe. Ta yi tafiya har tsakiyar filin, ta shinshina ƙasa, ta durƙusa, ta kwanta a gefe ɗaya ta miƙe ƙafa huɗu ta ajiye kai. Na zaci mutuwa za ta yi. Na je na tsuguna a kanta, sai na ga barci ne. Tun hantsi har la'asar ba ta motsa ba, an yi yayyafi a kanta ba ta sani ba. Da ta tashi ta naɗe ƙafa ta fara tuƙa. Rabona da ganin bakinta yana juyawa haka har na manta.

Daga nan sai jira. Burugu sau huɗu ya koma sau biyar, ina zubawa wuri uku. Na haƙa ɗan rami ta gangare don ruwa ya riƙa wucewa. Da yamma in hura musu hayaƙi da ɗanyen ganye saboda sauro, su kewaye shi. Kofato ya bushe cikin kwana goma. Gyambon bijimi ya rufe. Gashinsu ya fara kwanciya. Amma ba wadda ta dubi bijimi, shi ma ba ya duban kowa, ci kawai yake yi.

Tumu ya nuna. Ƙamshin gashinsa ya cika gari, kowane gida yara suna murzawa a tafi. Na karyo wa 'ya'yana kai biyu a ragowar gonar, Fanna ta ce kada in ƙara, abin da za a girba ke nan. Idan na wuce majalisa sai wani ya ce, "Garba, yaya amare? An tare?" Wani ya ce, "Ango dai har yanzu kunya yake ji." Ina wucewa da laujena. Na rame har igiyar wando tana zagaya ni sau biyu. Wata rana a cikin ruwa jiri ya ɗauke ni, na kifa a kan gora, ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na farfaɗo na ƙarasa yankan, don dami uku na yi, saura biyu.

Kwana ashirin da shida da fitowarsu, ina dawowa da dami a ka, na ji Fanna tana ƙwala mini kira daga bayan gida, ita da ba ta ɗaga murya. "Malam! Malam, zo ka gani!" Na yar da damin. Gudale ce ta hau wata ja, tana kuka, tana zagaya shinge. Bijimin ya bar ci, ya ɗaga kai ya murɗe leɓe. Ya bi ta. Da ya zo tashi sai ya sunkuyar da kai ya ja da baya, kamar mai jiran duka. Sau biyu yana haka. A na uku ya tashi sosai, babu abin da ke samansa sai gajimare.

Bayan ita na ga ya bi wasu, amma ba kullum nake gida ba, rabin yinina a fadama yake. Kyalla dai ban taɓa ganin ya kula ta ba.

Ruwa ya janye. Na girbe abin da ya rage, dami tara, abin da ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Aka cire gyaɗa. Sanyi ya fara. Na ba masu kai kifi Haɗeja saƙo wurin Malam Bitrus, sau biyu, ban ji amsa ba.

Wata safiya Yaya Modu ya yi sallama, dillali a bayansa da igiyoyi a kafaɗa. Shanun sun yi kyau, dillalin ma sai da ya yi murmushi.

"To, Garba, nuna mini cikin."

"Wata biyu da kwanaki ne, Yaya, ba ya nunawa."

"Abin da ba ya nunawa ni ban san shi ba. Na ga ƙiba, kuma ƙiba mahauta ke so."

Na ce a ba ni kwana uku. Ya ce jirgi ba ya jiran kwana uku. Na tsaya a bakin shinge na riƙe itacen ƙofa. Ban taɓa yi wa Yaya Modu tsaye a gaba ba tun muna yara, ranar na yi. Na ce sai dai a ɗaure ni tare da su. Muna cikin haka, mutane sun taru, har an aika a kira Bulama, sai ga ƙarar ƙararrawar keke. Malam Bitrus ne, laka har cinya. Ya ce saƙon farko bai same shi ba, na biyu jiya ya iso.

Ya ce a ba shi ruwa a bokiti da sabulu. Ya tuɓe riga, ya shafa kumfa har kafaɗa. Yaya Modu ya ce me zai yi. Da aka gaya masa ta inda hannun zai shiga, ya tofar da yawu. "A'uzubillahi. Yanzu da wannan za mu yarda?"

Dillalin ne ya amsa, shi da zai yi asara. "Modu, na taɓa musu da mutumin nan a kan wata saniya. Mahauci ya fasa ciki muka ga ɗa kamar ɓera. Tun ranar ban sake ba."

Muka riƙe Gudale mu uku. Ya zura hannu, ya karkata kai yana duban ƙasa. "Akwai." Ta biyu, babu. Ta uku ya daɗe, ya ce babu. Ta huɗu, jar nan, akwai. Ta biyar ko jimawa bai yi ba ya girgiza kai. Shi bai san wa'adin da ke tsakaninmu ba, yana ta wanke hannu yana yi wa dillali ba'a. Gari kuwa ya sani. Dillali ya sauke igiya ɗaya daga kafaɗa.

Na je na kamo Kyalla da kaina. Na riƙe ta ta hanci da ƙaho, goshinta a ƙirjina, ina jin numfashinta mai ɗumi a cikina. Malam Bitrus ya zura hannu. Ya tsaya. Ya ƙara turawa, ya rufe ido, leɓensa yana motsi kamar mai ƙirga. Ta yi nishi ta taka mini ƙafa, ban ɗaga ba.

"Wannan ba ita ce na ce ba za ta kai girbi ba?"

"Ita ce."

"To ta ƙaryata ni. Ƙarami ne, bai kai na sauran ba, amma yana nan."

Yaya Modu ya ce, "Ka tabbata?"

"Ka zo ka sa hannu."

Aka kwashe da dariya. Yaya Modu ya dubi shanun ɗaya bayan ɗaya, ya dubi kututturen geron da ke ƙarƙashin ƙafafunsu, ya juya ga dillali ya ce, "Naɗe igiyarka." A bakin shinge ya tsaya bai waiwayo ba ya ce, "Dami tara ba zai kai ku ba. Ka aiko Fanna wurin matata, tunda kai ka rantse ba za ka zo ƙofata ba."

Na saki Kyalla. Na zauna a inda nake, ban duba ba, ashe cikin ɗanyen kashi ne. Ina zaune mutane suna watsewa, sai Fanna ta leƙo ta saman danga.

"Tashi, Malam. Wandon ke nan ɗaya."